Shagunan da Ke Ƙarƙashin Masallaci

Shekara shida na yi a Alƙahira ina karatu, amma idan aka tambaye ni tsawon lokacin da na yi ina kallon birnin da idon basira, amsar gaskiya ita ce kwana goma sha tara. Su ne kwanakin da suka shiga tsakanin ranar da na miƙa kwalayen littattafaina ga masu jigilar kaya da ranar da jirgina zai tashi zuwa Kano. Kafin nan hanyata ɗaya ce, irin ta yawancin ɗalibanmu: daga Hayyul Ashir a Madinatu Nasar zuwa Darrasa, daga Darrasa zuwa shagunan littattafai na bayan Azhar, sai kuma gida. Na wuce ta gaban gine-ginen da suka haura shekara ɗari bakwai sau ba adadi, kaina a sunkuye, ko ina bitar matani a zuci ko ina lissafin kuɗin haya. Da jarrabawa ta ƙare, ɗaki ya zama fayau, sai na fara fita da sassafe ina yawo da ƙafa a tsohon gari. Abokin zamana, wani Bakatsine mai yawan barkwanci, ya dube ni ranar farko ina ɗaura takalmi ya ce, "Malam, wai duwatsu za ka je kallo?"

Duwatsun na je kallo, amma abin da na taho da shi magana ce a kan kuɗi da amana. Ra'ayina shi ne, tsohon gini yana tsayawa ne muddin akwai wanda aka ɗora wa nauyin gyaransa, kuma akwai dukiyar da aka ware tun farko domin wannan gyaran. Ƙarfin dutse yana taimakawa, son tarihi ma yana taimakawa, amma duk biyun ba su hana katanga tsagewa. Mu kuwa a ƙasar Hausa mun ƙware wajen gina masallaci da makaranta, muna ma gasa a kai, sai dai kaɗan ne daga cikinmu ke tanadar wa ginin abin da zai ci bayan an tashi daga bikin buɗewa.

A kwana na uku na fahimci haka, a bakin Babu Zuwaila, ƙofar kudu ta birnin Faɗimawa wadda waziri Badrul Jamali ya gina a 1092. Baƙi suna zuwa wurin ne don su hau ɗaya daga cikin hasumiyoyi biyun da Sarki Mu'ayyad ya ɗora a kan ƙofar bayan shekara ɗari uku da wani abu, ko don a nuna musu inda Turkawan Usmaniyya suka rataye Tumanbai, sarkin Mamaliki na ƙarshe, a 1517. Ni ma na hau, na sauko gwiwoyina na rawa. Da na tsallaka titi ina neman inuwa sai na tsaya a gaban masallacin Salihu Ɗala'i'u, wanda aka gina a 1160. Akwai wani dogon rami a gefensa da aka kewaye, na leƙa, sai na ga ƙananan ɗakuna a jere a ƙarƙashin masallacin, kowanne da ƙofarsa. Wani dattijo mai shayi da ke kusa ya ga na daɗe a tsaye, ya ce mini, "Ya shaihu, shaguna ne." Ya bayyana mini cewa asali a kan titi suke, masallacin kuma a samansu yake, sai an taka matakala a shiga, ƙasa ce ta yi ta tasowa a tsawon ƙarnuka har shagunan suka koma cikin rami. Hayarsu ce take sayen man fitila da tabarmi, ta biya liman da ladan da mai shara, ta kuma toshe duk inda ya tsage.

Wanda ya gina wannan masallaci bai fara da hasumiya ba. Ya fara aza abin da zai ciyar da masallacin, sannan ya ɗora masallacin a kai. Daga ranar nan sai idona ya buɗe, na riƙa ganin wannan tsari a ko'ina. Wakalar Ghuri da ke daf da Azhar, wadda aka gina a 1504 zuwa 1505, masaukin fatake ce: ɗakunan ajiyar kaya a ƙasa, wuraren kwana a sama, kuɗin shigarta kuma yana tafiya ga masallaci da makarantar da sarkin ya gina a kan titin Mu'izzu. Rufaffiyar kasuwar masu ɗinkin tantuna da ke kudu da Babu Zuwaila ita ma cikin waƙafin Ridwan Bey take tun ƙarni na 17, wato dukiyar da ya tsayar don a riƙa amfani da kuɗin shigarta. Takardun waƙafin sarakunan Mamaliki suna nan a ajiye, wasunsu naɗaɗɗu ne masu tsawon mitoci da yawa, an rubuta gonaki da gidajen wanka da shagunan da aka tsayar, an kuma rubuta albashin kowa har mai tsaron ƙofa.

Abin da ya ba ni kunya shi ne na san wannan babi. Na karanta shi a fiƙihu, na amsa tambaya a kansa a jarrabawa. Malamanmu na Malikiyya sun tafi a kan cewa gyaran abin da aka yi waƙafinsa shi ake fara fitarwa daga kuɗin shiga kafin a raba wa masu cin gajiya, har ma idan mai waƙafin ya gindaya sharaɗin kada a fara da gyara, ba a bin sharaɗin nasa. Na haddace hukuncin a ɗakin haya a Hayyul Ashir, alhali sharhinsa yana tsaye da dutse a unguwar da nake zuwa darasi kusan kullum, ban taɓa ɗaga kai ba. Wannan laifina ne, amma ba ni kaɗai ba ne. Muna tura yara Masar da Sudan da Turkiyya da Maleshiya, su dawo da takardar shaida da jallabiya, idan ka tambaye su yadda mutanen can suke tafiyar da masallatansu ko yadda suke shigar da iska cikin gida, sai su yi shiru.

Ba na son a ɗauka cewa ina wanke sarakunan nan ne. Da yawansu sun yi gini don suna, wasu kuma sun fake da waƙafi domin su kare dukiyarsu daga ƙwace, su ajiye 'ya'yansu a matsayin masu kula da ita suna karɓar rabo. Katafaren ginin Sarki Ƙalawun, wanda ya haɗa asibiti da makaranta da hubbare, an kammala shi cikin kusan wata goma sha uku a 1284 zuwa 1285, kuma marubutan tarihin Masar sun ruwaito cewa an tilasta wa mutane aiki a wurin, har masu wucewa a hanya ana tsayar da su su ɗauki dutse. Niyyar sarki tsakaninsa da Ubangijinsa ce. Amma tsarin da ya bi ya yi aiki: asibitin ya yi ɗaruruwan shekaru yana karɓar marasa lafiya bayan an manta da rikicin gidan sarautar da ya gina shi, kuma har yau akwai asibitin ido a harabar.

Masallacin Ibn Ɗulun ne ya fi nuna mini ɗaya fuskar lamarin. An gama shi a 879, da jan bulo aka gina shi aka shafe da farar ƙasa, yana da tsakar gida mai faɗin da ke sa mutum ya rage murya ba tare da an ce masa ba, da hasumiyar da matakalarta ke kewaya ta daga waje irin ta Samarra a Iraƙi. Hotonsa ne a takardar fam biyar, wadda na riƙa miƙa wa masu motar haya tsawon shekaru ban duba ta ba. Wannan masallaci ya taɓa zama kufai. Bayan an rushe birnin da aka gina shi dominsa, jama'a suka watse, sai ya koma masaukin alhazan Magrib masu wucewa, daga baya ya zama kango. A cikinsa wani amir mai suna Lajin ya ɓuya sa'ad da ake nemansa ruwa a jallo, ya yi alwashin idan Allah ya kuɓutar da shi zai raya wurin. Da ya hau mulki a 1296 ya cika alkawari, ya gyara masallacin, ya gina ƙubbar da ke tsakiyar fili, ya kuma tsayar masa da waƙafi. Ginin bai canja ba tsakanin shekarun da ya yi a yashe da shekarun da ya yi a raye. Abin da ya canja shi ne an sami mai ɗaukar nauyinsa. Na zauna a gindin wani ginshiƙi daga hantsi har azahar, mutanen da suka shigo ba su fi goma ba, wani ma'aikaci kuma yana bin kusurwa-kusurwa da tsintsiya yana kwashe kashin tantabaru.

Su ma Misirawa ba su riƙe tsarin yadda yake ba. Muhammadu Ali Basha ya mayar da yawancin gonakin waƙafi ƙarƙashin hukuma a farkon ƙarni na 19, bayan juyin mulkin 1952 kuma aka soke waƙafin iyali, na alheri ya koma hannun ma'aikatar waƙafi. Tun 1881 aka kafa kwamitin kula da tsofaffin gine-gine, wanda ya ceci da yawa, amma daga lokacin gini ya tashi daga mai abin kansa ya koma mai jiran kasafi. Ana ganin sakamakon a jikin katangu. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana hawa cikin dutse, gishiri yana fitowa fari-fari yana cinye shi, girgizar ƙasar Oktoba 1992 kuma ta tona asirin gine-gine da dama da suka daɗe ba a taɓa su ba. Sabilin Abdurrahman Katkhuda na 1744, wanda ke tsaye a inda titin Mu'izzu ya rabu biyu, a da ana shayar da masu wucewa ruwa ta tagoginsa na ƙasa, yara kuma suna karatun Alƙur'ani a bene. Da famfo ya shigo gari aikinsa ya ƙare. Yanzu tsaf yake, an gyara shi, sai dai da tikiti ake shiga, kuma ba mai shan ruwa a wurin.

Kwana biyu na ware wa Ƙarafa, maƙabartar da ta miƙe a gindin dutsen Muƙaɗɗam, inda ƙubbar Imamu Shafi'i ta 1211 take, da ginin Sarki Ƙaitbai na 1474 wanda aka sassaƙa wa ƙubbarsa zane a jikin dutse kamar aikin allura a wuyan babbar riga. Dubban iyalai suna zaune a cikin wannan maƙabarta, suna girki da shanya a tsakanin kaburbura. Tun 2020 ake rushe sassanta domin a fitar da manyan tituna da gadojin sama, a 2023 kuma aikin ya kai yankin Imamu Shafi'i da Sayyida Nafisa. Na ga katangun da aka shafa wa alamar fenti, na ga fili an share shi, ɓaraguzan farin dutse mai rubutu a tare a gefe. Hukumomi suna cewa ba su taɓa abin da ke cikin rajistar kayan tarihi ba. Idan ma haka ne, maganar tana tabbatar da abin da nake faɗa: rajista ce ta maye gurbin takardar waƙafi, wanda bai shiga cikinta ba kuwa ba shi da mai tsaya masa. Ban raina hujjar masu titi ba. Birnin da mazaunansa suka haura miliyan 20 dole ya sami hanya, kuma wanda ya taɓa kwashe awa biyu a cunkoson titin Salahu Salim a cikin zafin Agusta ba zai yi saurin tsine wa gadar sama ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce zaɓi biyu ne kawai, ko titi ko tarihi. A gefen Darrasa akwai lambun Azhar, wanda aka buɗe a 2005 a kan jujin da ya shekara kusan ɗari biyar ana zuba masa shara, aikin kuma ya tono ganuwar zamanin Ayyubawa da ta nutse a ƙarƙashinsa, aka gyara ta tare da gidajen unguwar Darbul Ahmar da ke jingine da ita. A gari ɗaya aka yi wannan da wancan.

Wani zai ce me ya haɗa Bahaushe da damuwar Alƙahira. Alaƙar tsohuwa ce. A shekarun 1240 mutanen Kanem suka kafa makarantar Ibn Rashiƙ ta Malikiyya a Masar domin ɗalibansu da alhazansu, kuma ba su gina suka juya baya ba, sun ci gaba da aiko mata da kuɗi daga bakin Tafkin Chadi. A Azhar akwai ruwaƙin Barnawa, sashen da a da ɗaliban Borno suke kwana suna karɓar rabon gurasa daga waƙafi. Imamu Suyuɗi, wanda aka binne a Ƙarafa, ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Malam Muhammadu Alkatsinawi, masanin lissafi, a Alƙahira ya rasu a 1741 a gidan Hasan Jabarti. Waɗanda suka riga mu zuwa sun san cewa ɗalibi ba ya karatu da yunwa, rufi kuma ba ya gyara kansa.

A gida, gininmu na ƙasa ya fi na dutse bukatar wannan tunani nesa ba kusa ba. Soron da aka ɗaura da azara, aka yi masa bakan gizo da tulluwa, aka shafe da makuba, zai iya kai shekara ɗari biyu, amma da sharaɗin a duba indararo kafin damina, a yi yaɓe bayanta. Magabata suna da nasu tsarin: akwai Sarkin Magina da jama'arsa, akwai aikin gayya, ganuwa kuma ana fitowa a gyara ta da umarnin sarki. Ganuwar Kano, wadda aka fara a zamanin Sarki Gijimasu aka faɗaɗa a zamanin Muhammadu Rumfa, da haka ta kawo ƙarni na 20. Da wannan tsari ya mutu ba a maye gurbinsa da komai ba. Yau wani ɓangaren badala ya zama wurin ɗibar ƙasa, wani ya zama fegi, a 2010 kuma aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi aka gina wata da siminti. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na shekarun 1830, wani sashensa ya rufta a kan masallata a watan Agusta 2023, mutane suka rasu, Allah ya jiƙan su. A Satumba 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Damagaram. Ba na nuna kowa da yatsa a kan waɗannan, domin ƙaddara gaskiya ce, ruwan waɗannan shekarun kuma ya fi ƙarfin gine-gine da yawa. Tambayata ita ce, cikin manyan gine-ginenmu na gado, nawa ne ke da gona ko shago ko gidan haya da aka rubuta da sunansu, wanda kuɗinsa ba ya jiran sa hannun kowa kafin a kira magini?

Na san akwai 'yan'uwa da za su ce ƙubba a kan kabari ba abin alfahari ba ne, kuma raya zukata ya fi raya katangu. Saɓanin malamai a kan gini a maƙabarta sananne ne, ba shi nake tattaunawa ba. Asibiti da makaranta da rijiya da masallacin unguwa ba su shiga wannan saɓani ba, kuma su ne suka fi lalacewa a hannunmu. Wani kuma zai ce ai masallatanmu na yanzu da yawa suna da shaguna a gaba. Haka ne, kuma abu ne mai kyau. Amma a bincika a ga nawa ne ke da rubutacciyar takarda da shaidu, wadda ta fayyace kason da ba a taɓawa sai don gyara. Galibi hayar tana ƙarewa a man janareta da kuɗin wuta, ranar da mai ginin ya rasu kuma magada su ce shagunan cikin gado suke. Jihohi irin su Kano da Sakkwato suna da hukumomin zakka da hubusi, don haka wurin rubutawa ba shi ne matsala ba. Matsalar ita ce attajirinmu ya fi son a ce ya gina sabon masallaci mai hasumiya huɗu a kan a ce ya tsayar da shaguna goma don rufin tsohon da ke bayan gidansa, saboda ba a yanka zare a bikin yaɓe. Malamai kuma, mu da muka karanta babin, mun fi yawaita wa'azin ladan wanda ya gina a kan ladan wanda ya hana ginin faɗuwa.

Da zan ba da shawara ɗaya ga kwamitocin masallatai da masu ba da izinin gini, da na ce kada a aza harsashin wani ginin jama'a sai an ga takardar abin da zai riƙe shi, ko da shago biyu ne da injin niƙa. Mai kuɗin gina ɗaki goma ya gina takwas, ya mayar da biyun haya. Zai ji kamar an rage masa suna, amma jikokinsa za su tarar da takwas ɗin a tsaye.

Ranar da ta rage mini kwana ɗaya, Bakatsinen nan ya ce zai raka ni ya ga duwatsun da suka hana ni zama. Na kai shi bakin ramin masallacin Salihu Ɗala'i'u, ya leƙa, ya ƙirga ƙofofin da yatsa, bai yi barkwanci ba. Bayan mako biyu da saukata Kano na yi sallar magariba a masallacin unguwarmu, wanda wani bawan Allah ya gina kimanin shekara ashirin da suka wuce, ya rasu ya bar shi. Silin ya yi taswirar ruwa a kusurwar gabas, an ajiye bokiti biyu a sahun gaba. Bayan sallama ladan ya miƙe ya yi sanarwa cewa ana neman taimakon kwano bandir uku kafin ruwa ya kankama, aka zagaya da hula. Washegari na sami shugaban kwamiti a ƙofar gidansa, na gaishe shi, na ce, "Baba Alhaji, filin nan na gefen wurin alwala, na masallaci ne?" Ya ce na masallaci ne, amma da baki marigayi ya bayar. Mun yi da shi cewa ranar Asabar za mu je wajen babban ɗan marigayin, mu tafi da liman da mai unguwa da takarda.